Yadda ake more sanyi da wutar mota mai haɗa fetur da caji alhali tana tsaye

Mota mai injin fetur wadda kuma take ɗauke da babban batir da ake yi wa caji daga soket, irin su Mitsubishi Outlander PHEV, Toyota Prius Prime, RAV4 Prime da motocin BYD masu tsarin DM-i, tana yin wani aiki da motar da muka taso muka gani ba ta iyawa. Tana sanyaya cikinta na tsawon sa'o'i, wata ma har ta ba kayan gida wuta, alhali tana tsaye wuri ɗaya kuma injinta a kashe yake a mafi yawan lokacin. Dalilin yana cikin kwamfireson esi. A motar gargajiya bel ne yake ɗauko juyi daga injin ya kai masa, shi ya sa duk mai son sanyi sai ya bar injin yana ƙona mai. A wannan kuwa kwamfireson yana da nasa ɗan injin lantarki da yake shan wuta kai tsaye daga babban batir. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, wanda yake shafe awa biyu a ƙofar makaranta ko a harabar asibiti yana jira a cikin mota ya san nauyin wannan bambanci a aljihunsa.

Sai dai kafin mutum ya danna kowane maɓalli, akwai tambayoyi biyu da ya wajaba ya iya amsa su a kowane lokaci: wane batir ne yake ɗauke da nauyin abin da na kunna, kuma shin injin yana da damar tashi da kansa a halin da na bar motar? Shirun wannan mota ba shaida ba ne cewa a kashe take.

Matakin farko: gane halin da motar take ciki

Batura biyu ne a motar. Akwai babba, mai ƙarfin kusan bolt 300 ko fiye, wanda yake tuƙa motar yana kuma juya kwamfireso. Akwai kuma ƙarami mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda yake riƙe da rediyo, fitilu, fankar da ke hura iska, makullan ƙofofi da kwamfutocin motar. Babban yana ciyar da ƙaramin ta wata na'ura mai rage ƙarfin wuta, amma ba a kowane hali yake yin hakan ba, kuma a nan ne yawancin mutane suke faɗawa rami.

Idan ka danna maɓallin kunnawa sau ɗaya ba tare da ka taka birki ba, motar tana shiga halin da ake rubuta wa ACC, inda rediyo da wurin cajin waya kaɗai suke aiki. Idan ka sake dannawa, har yanzu ba ka taka birki ba, allon gaban direba zai haskaka gaba ɗaya, fanka za ta soma hura iska, sai ka ɗauka komai ya kankama, alhali a motoci da yawa babban batir yana nan a katse, ƙaramin ne yake ta zubar da ɗan abin da yake da shi. Sai ka taka birki sosai sannan ka danna maɓallin ne kalmar READY za ta bayyana, galibi da koren launi, kuma a wannan halin ne babban batir yake haɗuwa da sauran motar, kwamfireso ya samu wuta, ƙaramin batir ya riƙa samun caji. A wannan halin ne kuma kwamfutar motar take da ikon tayar da injin duk lokacin da ta ga buƙata, ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Ni kaina da kuskure na koyi wannan. Wata rana a watan Afrilu na kai mahaifiyata ganin likita, na zauna a mota ina jiran ta, na danna maɓallin sau biyu ba tare da birki ba domin a tunanina hakan ya fi tsimin wuta. Iskar da take fitowa ba ta da sanyin kirki, amma na ɗora laifin a kan zafin garin, duk lokacin da motar ta kashe kanta kuma sai in sake kunna ta haka. Da Hajiya ta fito na taka birki na danna, sai allon ya yi ƙyaf-ƙyaf ya mutu, alhali ma'aunin babban batir ya nuna mini kusan kashi uku cikin huɗu da safe. Wani mai rewaya da aka kira mini daga bakin titi ya leƙa, ya ce, "Alhaji, ai babban lafiyarsa lau, ƙaramin ne ya kwanta, kuma sai da shi ake buɗe wa babban ƙofa." Gaskiya ya faɗa: makunnan da suke haɗa babban batir da motar, ƙaramin ne yake ɗaga su, saboda haka idan ya mutu, cajin da ke cikin babban ba ya amfanar da kai komai. Tun daga ranar, in dai zaman zai wuce minti goma, a READY nake barin mota.

Mataki na biyu: zaɓen wurin tsayawa

Tunda a READY injin yana iya tashi da kansa, ka ɗauki motar a matsayin janaretan da shi yake zaɓar lokacin da zai kunna kansa. Duk wurin da ba za ka yarda a kunna janareta ba, kada ka bar mota a READY a can: gareji mai rufi, zaure, rumfar da aka kewaye da bango ta ɓangarori uku, ko gefen tagar ɗakin kwana. Hayaƙin injin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Buɗe ƙofar gareji rabi ba ya wadatarwa. A watan Maris na 2015 kamfanin General Motors ya yi kiranyen motocin Chevrolet Volt kusan 64,000 na samfurin 2011 zuwa 2013, saboda direbobi suna fita su bar su a kunne ba su sani ba, batir ya ƙare, injin ya tashi a cikin gareji. Gyaran da aka yi musu shi ne manhajar da take kashe motar idan ta daɗe a tsaye.

Ba ƙarewar caji kaɗai take tayar da injin ba. Danna maɓallin share raɓa daga gilashin gaba yana tayar da shi a motoci da dama, haka tsananin sanyi, haka tsufan man da ke cikin tanki: tsofaffin samfuran Outlander suna tilasta wa injin aiki idan aka shafe kusan wata uku ba a zuba lita 15 a lokaci guda ba, domin kada man ya lalace. Wani dare da aka ɗauke mana wuta na jona firji da fanka a mota a tsakar gida, wajen ƙarfe biyu sai na ji bugun ƙofa, maigadinmu yana cewa, "Yallaɓai, wani ya tayar da motar, amma ban ga kowa a ciki ba." Na kwantar masa da hankali, sai dai da na fito na tarar ya shimfiɗa tabarmarsa taku uku daga bakin salansa, domin da ya kwanta motar shiru take. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Duk wanda yake cikin gida, daga yara zuwa masu aiki, a gaya masa cewa motar tana iya tashi, kuma kada kowa ya zauna ko ya kwanta a bayanta.

Ka nemi inuwa, domin ita ce tsimin wuta mafi arha. Ka juya bayan motar zuwa fili, kada salansa ta fuskanci bango, kuma ka lura da inda iska take kaɗawa don kada ta riƙa mayar da hayaƙin ƙarƙashin motar. A lokacin hunturu ka guji tsayawa a kan busasshiyar ciyawa ko tarin kara, saboda bututun hayaƙi yana yin zafin da zai iya kama su da wuta. Kada kuma a jingina tabarma ko kwali a gaban lagireto da sunan kare rana, domin ta nan esi yake fitar da zafin da ya kwaso daga ciki.

Mataki na uku: kunna sanyi yadda zai daɗe

Bayan ka tsaya, ka sa giya a P, ka ja birkin hannu, ka tabbatar READY tana kunne. Idan motar tana da maɓallin EV, ka danna shi, domin yana gaya wa kwamfuta ta jinkirta tayar da injin gwargwadon iko, ko da yake ba ya hana ta gaba ɗaya. Idan motar ta daɗe a rana, kada ka rufe gilasai nan take. Ka sauke su na minti ɗaya ko biyu, fanka tana hurawa da ƙarfi tana ɗauko iskar waje, har sai turirin da ya taru ya fita, saboda iskar cikin motar da aka rufe a rana ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba, kuma asara ce a sa kwamfireso ya yi kokawa da ita.

Daga nan sai ka rufe gilasai, ka danna maɓallin da yake juya iskar ciki, ka sa ma'aunin zafi a digiri 24 ko 25, ka bar shi a AUTO. Mutane da yawa suna murɗa shi zuwa ƙarshe suna zaton hakan ne yake kawo sanyi da sauri, alhali abin da yake haifarwa shi ne kwamfireso ya yi ta aiki da iyakar ƙarfinsa ba hutawa. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafi yake haura digiri 40, wanda yake zaune a 25 ba shi da abin ƙorafi. Ka shimfiɗa abin kare rana a gilashin gaba, ka kashe bututan iska na baya idan kai kaɗai ne, ka rage hasken allo. Idan dare ne kuma fitilun gaba sun ƙi mutuwa, a motoci da yawa dabarar ita ce a ja birkin hannu kafin a kunna motar, ba bayan an kunna ba.

Juya iskar ciki yana da iyaka. Mutum biyu ko uku a rufaffiyar mota suna cika ta da iskar da suke fitarwa daga numfashi, sai a fara hamma da nauyin kai, saboda haka duk bayan rabin awa ka buɗe wa iskar waje hanya na ɗan lokaci, amma ka zaɓi lokacin da injin yake a kashe. Idan zaman na kwana ne, kamar na matafiyin da dare ya riska, na'urar ƙararrawa mai gano kabon monoksaid da take aiki da ƙananan batura ba ta da tsada, kuma ni ba na ganin hikimar kwana a mota mai READY ba tare da ita ba. Ka kuma duba kada jaka ko bargo su toshe ramukan iska da ke kusa da kujerar baya, domin a wasu motocin ta nan babban batir yake shan iskar da take sanyaya shi.

Akwai kuma agogon kashe kai. Motocin Toyota da dama da aka sayar a Amurka daga samfurin 2020 suna kashe kansu bayan kimanin awa ɗaya idan an bar su a P, suna nuna gargaɗi a allo kafin su yi. Taka birki yana mayar da ƙidayar farko, kulle ƙofofi daga ciki da maɓallin jikin ƙofa kuma yana dakatar da ita na wannan zaman. Wasu kamfanonin suna sa zaɓin a cikin saitunan allo. Wannan ma kaɗai ya isa dalilin da ba a barin yaro, tsoho marar ƙarfi ko dabba a mota da hujjar cewa esi yana aiki: idan ya mutu, zafin cikin mota yana ƙaruwa da kusan digiri 10 a cikin minti goma, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba. Sannan motar da take READY, a mafi yawan samfura, duk wanda ya shiga zai iya sa giya ya tafi da ita ko da makullin yana aljihunka a wani wuri, kuma rimot ba ya yarda ya kulle ta daga waje. Sai dai a zaro ƙaramin makullin ƙarfe da ke cikin rimot a kulle ƙofar direba da hannu.

Mataki na huɗu: lissafin abin da batir zai ɗauka

Ana auna babban batir da kilowat-awa, wato daidai da yunit ɗin da mitar gida take ƙirgawa. Outlander na farko da ya fito a Japan a 2013 yana da yunit 12, na 2019 a Turai 13.8, sabon zubin da ya biyo baya kuma 20. Prius Prime na 2017 yana da 8.8, na 2023 yana da 13.6, RAV4 Prime yana da 18.1. Ba duka ake ba ka ba, domin motar tana ɓoye wani kaso a ƙasa don kare lafiyar batir da kuma tuƙi da injin, kuma motar da aka shigo da ita bayan ta yi shekaru a hannun wani ta riga ta rasa wani ɓangare na ƙarfinta. Mai hankali yana lissafi da kusan kashi 70 cikin ɗari na adadin da aka rubuta, ko ƙasa da haka idan motar ta kwana biyu.

Esi yana shan kilowat biyu zuwa uku a mintocin farko idan cikin motar ya yi zafi, sannan ya sauko zuwa wajen kilowat ɗaya da rana, da dare kuma ƙasa da haka, sai a ƙara wat ɗari biyu zuwa uku da motar kanta take ci don kawai tana kunne. Wanda yake da yunit 9 masu amfani zai iya tsammanin sa'o'i shida zuwa bakwai a inuwa da rana, amma a tsakiyar rana a fili abin yana iya raguwa zuwa rabi. Hanya mafi inganci ita ce ka auna motarka da kanka: ka rubuta abin da ma'auni ya nuna, ka zauna awa ɗaya, ka sake dubawa.

Idan cajin ya kai ƙasa, sanyi ba ya yankewa. Injin yana tashi ya yi 'yan mintoci yana cusa wuta a batir, ya mutu, ya jima, ya sake tashi, haka har man tanki ya ƙare. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9, amma abin da injin yake iya mayarwa wuta bai wuce yunit biyu zuwa uku ba, sauran zafi ne da yake bin iska. Duk da haka ya fi barin injin motar gargajiya yana kaɗawa ba tsayawa. Idan ka san za ka yi doguwar jira a ƙarshen tafiya, ka danna SAVE ko HV a kan hanya domin injin ya ɗauki nauyin tuƙi a ajiye maka cajin. Maɓallin CHARGE kuwa yana cika batir zuwa kusan kashi 80 cikin ɗari da ƙarfin injin, kuma ya fi dacewa a yi shi ana tafiya a babban titi, maimakon a tsaye a ƙofar gidan mutane.

Mataki na biyar: idan motar tana jone da caja

Wannan ne hali mafi sauƙi a aljihu idan akwai wuta. Muddin filogin caji yana jiki, motar ba ta shiga READY kuma giya ba ta barin P. Toyota ta sa wa RAV4 Prime da Prius Prime na 2023 tsarin da ta kira My Room: ka jona caja, ka shiga, ka danna maɓallin kunnawa ba tare da birki ba, allo zai tambaye ka ko kana son tsarin, ka amsa da e, daga nan esi da rediyo za su yi aiki da wutar da take shigowa, allon kuma yana nuna maka ko abin da yake shiga ya fi abin da yake fita. Wannan ma'aunin yana da muhimmanci, domin soket ɗin gida mai bolt 230 a kan amfiya 10 kilowat 2.3 kawai yake bayarwa, wanda a farkon sanyaya mota mai zafi ba lallai ya ishi kwamfireso ba, sai batir ya cike giɓin. Idan aka ɗauke wuta kana ciki, daga batir ake ci gaba da ɗiba har tsarin ya tsaya.

A nan ne kuma ake cin moriyar sanyaya mota kafin a shiga. Da manhajar waya, ko agogon da ake saitawa a allo, ko maɓallin A/C da ke jikin rimot ɗin wasu Prius Prime, ana kunna esi minti goma kafin fita, motar tana jone, sai ka tashi da cikakken caji da kujera mai sanyi. Manhajojin da suke dogara da layin sadarwar Amurka ko Turai sau da yawa ba sa aiki idan motar ta baro ƙasar, saboda haka agogon cikin motar ya fi zama abin dogaro. Hattara da cajar da take zuwa da motocin Amurka: idan an rubuta bolt 120 kaɗai a jikinta, kada a cusa ta a soket ɗinmu. Soket ɗin caji kuma ya kasance yana da wayar ƙasa ta gaske da layinsa na kansa, ba jone-jonen wayoyi ba, ka riƙa taɓa filogin bayan rabin awa ka ji ko ya yi zafi.

Game da ɗumama ciki, magana kaɗan ta isa ga mai zama a ƙasa mai zafi, ko da yake mazauna Jos a watan Janairu da 'yan'uwa da ke Turai da Kanada sun san amfaninta. Wasu motocin, kamar Prius Prime, suna juya aikin esi ne su jawo ɗumi, wanda ba ya cin wuta sosai; wasu suna da hita mai cin kilowat da yawa; wasu kuma, kamar samfuran farko na Kia Niro da Hyundai Ioniq masu caji, ba su da wata hanyar ɗumi sai zafin injin, don haka da ka nemi ɗumi injin zai tashi komai cikar batir. Chevrolet Volt ma yana iya tayar da injin don ɗumi ko yana jone da caja, sai an hana shi a saituna. Ɗumin kujera ya fi duka arha.

Mataki na shida: ɗibar wuta zuwa kayan gida

A Japan ne wannan ɗabi'a ta yi ƙarfi, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta watan Maris 2011, lokacin da motocin Toyota Estima masu soket na wat 1,500 suka taimaki mutane a yankunan da wuta ta yanke. Wat 1,500 ɗin ne har yau ma'aunin da ake samu a Outlander da RAV4 Prime masu wannan soket, kuma ba kowane samfuri ne yake da shi ba. Wasu soket ɗinsu na wat 100 ko 150 ne, wanda bai wuce cajin kwamfuta ba. BYD Seal U DM-i, mai batir na yunit 18.3, yana ba da har kilowat 3.3 ta wata waya ta musamman da ake cusawa a ramin caji.

Abin farko shi ne ka karanta abin da aka rubuta a murfin soket ɗin. Motar da aka ƙera don Amurka bolt 120 take bayarwa, ta Japan 100, ta Turai 230, ta Sin 220, kayan gidajenmu a Najeriya da Nijar da Gana kuwa na 220 zuwa 240 ne. Cajar waya da ta kwamfuta galibi an rubuta musu 100 zuwa 240, ba ruwansu da wannan bambanci. Firji da fanka ba haka suke ba: a kan bolt 120 fanka za ta yi ta jan jiki, kwamfireson firji kuma zai yi ta gurnani ya kasa tashi har ya ƙone. Mai motar Amurka yana buƙatar taransifoma mai ɗaga wuta zuwa 230, wadda ƙarfinta ya zarce nauyin da za a ɗora mata, ya kuma san cewa wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, don haka duk abin da yake da inji a ciki zai yi gudu fiye da yadda aka tsara shi.

Sai lissafin nauyi. Fankar tsaye tana cin wat 50 zuwa 70, ƙwan fitila na zamani wajen 10, talabijin kusan 100, firjin gida 100 zuwa 200 idan yana tafiya, amma a daƙiƙar da kwamfiresonsa yake tashi yana fizgar ninki da yawa na wannan. Dutsen guga, butar lantarki da hitar ruwa sukan kai ko su wuce wat 1,500 su kaɗai, sumon rijiyar burtsatse kuma fizgarsa ta farko takan fi ƙarfin soket ɗin. Idan motar tana da soket biyu, wat 1,500 ɗin jimillarsu ce, ba na kowanne ba.

Tsarin jonawa shi ne: mota a fili, giya a P, birkin hannu a ja, READY a kunne, esin motar a kashe idan ba kowa a ciki. Ka danna maɓallin soket, wanda a Outlander aka rubuta masa 1500W, ka ga fitilarsa ta kama. Ka jona waya mai kauri guda ɗaya, ka warware ta gaba ɗaya don kada ta yi zafi a naɗe, ka fitar da ita ta gilashin da aka ɗan sauke a gefen da yake nesa da salansa, ba ta ƙofar but a buɗe ba. Ka fara kunna abin da ya fi fizga, wato firji, ka jira ya daidaita, sannan ka ƙara sauran ɗaya bayan ɗaya. Idan soket ya yanke, nauyi ne ya yi yawa: ka cire komai, ka kashe maɓallin, ka sake kunnawa da ƙaramin kaya. Mahaɗar wayoyi ta kasance a ɗage daga ƙasa, nesa da ruwan sama da kuma ruwan da esi yake ɗigarwa a ƙarƙashin mota.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa shi ne haɗa waya mai filogi biyu a cusa wutar mota cikin soket ɗin bangon gida. Wutar tana bin layi ta fita har kan turke inda ma'aikaci zai iya kasancewa yana gyara, idan kuma aka dawo da wuta kwatsam, na'urar motar ce za ta fara ƙonewa. Mai son ciyar da layin gida sai ya sa ƙwararren mai aikin wuta ya ɗaura makunnin sauya layi irin na janareta. Littattafan waɗannan motoci kuma suna hana jona na'urar da ran majiyyaci ya rataya a kanta, domin soket ɗin yana iya yankewa ba gargaɗi.

Mataki na ƙarshe: kashewa

Ka kashe kayan da ka jona, ka zare wayar, ka kashe maɓallin soket, sannan ka danna maɓallin kunnawa, ka tsaya ka ga READY ta ɓace allon ya yi duhu kafin ka fita. Idan ka ji motar tana ƙara sau da yawa a jere lokacin da ka rufe ƙofa da makulli a hannunka, tana gaya maka ne cewa har yanzu a kunne take. Kada a buɗe bonet sai an tabbatar da haka, domin fankar lagireto da injin suna iya tashi a kan hannun mutum, wayoyi masu ruwan lemo kuma na babban batir ne, ba na taɓawar kowane bakanike ba. Ka dubi ma'aunin mai da na caji ka tabbatar akwai abin da zai kai ka gidan mai, ka jona motar a caja da zarar wuta ta samu maimakon barin batir ya kwana biyu a ƙasa cikin zafi. Idan kuwa ƙaramin batir ya riga ya kwanta, ana tayar da shi da wani batir mai bolt 12 ta wurin da littafin motar ya nuna, a motoci da yawa wani ƙarfe ne mai jan murfi a cikin akwatin fis da ke ƙarƙashin bonet. Da READY ta kama sai a cire wayoyin, a bar motar a kunne a fili na kusan rabin awa ko fiye domin babban ya mayar wa ƙaramin abin da ya rasa.